Ɓawon Ƙwai da Gwangwanin Madara

Yau roƙo na zo da shi, ƙanƙane ne kuwa, ko anini ba zai ci miki ba. Gobe da safe in kin share tsakar gida, kafin ki ba yaro sharar ya kai juji, ki ɗan tsuguna ki tona ta da tsinke. Za ki sami ɓawon ƙwai, da ɓawon albasa, da gwangwanin madara ko na kifi, da fankon ashana, da murfin kwalbar lemo, watakila har da 'yan ƙyallayen da tela ya maido miki cikin ɗinki. Ki tsince su, ki wanke na wankewa, ki zuba a tsohon kwano, ki ɗora can bisa inda akuya ba ta kaiwa. Bikin Ista yana tafe, da wannan tarkace kuwa za mu yi wa yara abin murna.

Na sani da yawa cikin masu karanta wannan fili ba bikinsu ba ne. Kada ki ce ba da ke a ke ba ki juya shafi. Hannun da ya koyi wannan aiki don Ista ba zai mance shi ran Salla ba. Ban da haka ma, ai ya kamata mace ta san dalilin da ya sa maƙwabciyarta ke aiko mata da shinkafa ran wata Lahadi a tsakiyar bazara.

Ista shi ne babban idi a wurinmu Kirista, ya fi Kirsimeti nauyi ko da ya ke bai kai shi hayaniya ba. Ran nan ne mu ke tuna tashin Yesu Almasihu daga matattu. Iyakar abin da zan faɗa ke nan kan wannan, gama filin nan na aikin gida ne, wa'azi yana da masu shi. Ba shi da tsayayyar rana. Mu ma wata mu ke bi: Lahadin da ta fara zuwa bayan wata ya cika daga 21 ga Maris, ita ce ranar. Don haka ba ya sauka kafin 22 ga Maris, ba ya kuma wuce 25 ga Afrilu. Wani lokaci ya kan faɗo cikin watan azumi, kamar yadda ya yi shekara uku a jere, 2022 da 2023 da 2024.

Akwai masu zaton duk Kiristan da ke Katsina baƙo ne daga Kudu. Akwai baƙin, gaskiya ne, masu kanti da ma'aikata da malaman asibiti. Amma akwai mu Hausawa tuli, yawancinmu daga wajen Malumfashi da Kafur, ni kaina daga can aka kawo ni aure birni. Tun cikin shekarun 1930 'yan mishan su ka fara jinyar kutare a Babbar Ruga, nan bayan gari. A 2023 kuma Paparoma ya ba Katsina bishop nata na Katolika, Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, Bahaushe kamar ni da ke. Yadda mu ke bikin a nan ba wani abin mamaki ba ne. Waɗansu ikilisiyoyi su kan yi azumin kwana 40 kafinsa. Lahadin da ta riga shi a kan shiga sujada da ganyen dabino a hannu. Ran Jumma'a jimami, ran Lahadi murna, matan Zumunta su sha anko su buga tulu da ganga. Ran Littinin a ɗebi yara da abinci a fita shan iska, a ce an tafi Galili. Gwamnati tana ba da hutu Jumma'a da Littinin ɗin, saboda haka 'yan makaranta suna gida, hannunsu ba aiki. Ga su nan kuwa sai ƙiriniya.

Rinin ƙwai ba mu gaje shi ba, al'adar Turawa ce da mutanen Gabas. A zamanin da, a Turai, ba a cin ƙwai cikin azumin nan na kwana 40. To, kaza ba ta san azumi ba, ta ci gaba da saka abinta. Kafin idi ya zo ƙwai ya taru jingim a ko wane gida, sai a dafa, a rina, a rarraba wa yara da maƙwabta. A ƙasar Girka ja wur su ke rina shi ran Alhamis, ran idi kuma kowa ya riƙe nasa a yi ta karo, wanda nasa ya fashe an cinye shi, kamar dai yadda samarinmu ke yi da ƙwan zabi da damina. Sarakuna kuwa, kin san su da son wuce gona da iri. A 1885 Sarkin Rasha ya sa wani maƙerin zinariya mai suna Faberje ya ƙera wa matarsa ƙwai. A waje fari fat kamar na kaza, in an buɗe ga gwaiduwa ta zinariya, in an buɗe gwaiduwar ga 'yar kaza ta zinariya a kwance. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara, aka ƙera wajen 50 kafin mulkinsu ya faɗi a 1917. Mu ma kaza za mu yi yau, sai dai tamu ba ta bukatar mai gadi.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Masar. Suna da wani biki wai shi Shammun Nasim, watau shaƙar iska, ran Littinin da ke bin Ista na Kibɗawa. Musulmi da Kirista duka su ke fita lambu da bakin kogi, su ci kifi mai gishiri da ɗanyar albasa da rinannen ƙwai, ba mai tambayar wani addininsa. Mu ma nan ƙasashen baƙar fata ai ba yau mu ka san ƙwai abin ado ba ne. Je ki duba hoton babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, ƙwan jimina ne a kan hasumiyoyinsa. Kakata kuwa, in kazarta ta yi ƙyanƙyasa, ba ta yarda a zubar da ɓawon. Tsire shi ta ke yi a tsinke ta soke a jinkar ɗaki, yana nan fari tas har damina ta ci shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana ba don Turawa ba ne. Ista a Katsina cikin bazara ya ke zuwa, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya hau, ruwa sai na saye, kuɗin makaranta na sabon zango yana leƙowa ta taga. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, ko wace mai tukunya ta san yadda cefane ya koma. Na ga mata, Kirista da Musulmi duka, masu cin bashin atamfa da takalmin yara don kwana ɗaya tak, sa'an nan su yi wata uku suna ɓuya in mai bashi ta yi sallama. Na ga kuma waɗanda ba su sami mai ba su bashin ba, su ka kulle 'ya'yansu a ɗaki ran idi don kada a gan su da tsohuwar riga. Wannan na biyu shi ya fi ci mini rai. Yaro ba ya lissafin kuɗin riga, mu manya ke koya masa. Abin da ya ke so shi ne ranar ta bambanta da sauran ranaku, ya kasance akwai wani abu nasa na kansa da zai riƙe a hannu ya nuna wa 'yan'uwansa. In uwa ba ta da na saye, tana da na yi. Motar roba ta kasuwa kafin la'asar ƙafarta ta cire, kafin magariba an yi kuka an jefar. Abin da yarinya ta yi kwana bakwai tana haɗawa da hannunta kuwa, taɓa shi ki ga faɗa.

To, mu kama aiki. Ba a fafe gora ran tafiya, saboda haka ki fara tari tun saura mako biyu.

Ɓawo iri biyu mu ke so, rabi da kuma cikakke. Na rabi ba wuya. Duk sa'ad da za ki soya ƙwai, ki fasa shi can wajen tsinin, ki bar gindin da zurfi kamar ɗan finjali. In gidanku ba a cin ƙwai sosai, aiki yaro wurin mai shayin bakin layi da gaisuwa, ya roƙe shi ya ware masu kyau. Abin da ya ke zubarwa dare ɗaya ya ishi unguwa. Cikakken shi ke son haƙuri. Ki wanke ɗanyen ƙwai da sabulu tukuna, gama baki za a kai. Ki huda tsinin da allura, ki huda gindin ki ɗan faɗaɗa kamar ƙwayar dawa, sa'an nan ki zura basilla ko tsinken tsintsiya ki dama ciki har gwaiduwar ta fashe. In ba ki fasa ta ba, za ki yi ta busa har idonki ya yi ja ba abin da zai fito. Ki kafa baki a ƙaramar hudar ki busa a hankali cikin kwano mai tsabta. In ya fita sarai ki ɗura ruwa, ki girgiza, ki busar, kamar sau uku, kāna ki kife shi a inuwa ya kwana. Wadda ta yi ƙyuyar ɗauraya, kiyashi da wari za su tona mata asiri kafin jibi.

Abin da ya zubo cikin kwanon, ki soya shi nan take da 'yar albasa ki ba yaran. Na san har yanzu akwai tsofaffi masu cewa yaron da a ke ba ƙwai ɓarawo zai zama. Haba! Camfi ne, Allah ya jiƙan waɗanda su ka ƙaga shi, ina jin don maigida ya sami na karin kumallo ne. Likitoci sun daɗe suna faɗa mana ƙwai yana cikin abincin da ya fi gina jikin yaro. Yunwa ce ke koya sata.

Ƙwan kajin gida, ƙananan nan masu haske, sun fi karɓar rini. Na gidan gona masu ja-ja su ma suna yi, sai dai launin ya kan fito da duhu.

Rini kuwa duk yana madafinki. Shugabansu ɓawon albasa, busasshen nan da iska ke kwashewa. Mai albasa a Babbar Kasuwa ko a 'Yar Kutungu zai bar ki ki cika leda kyauta, har ya gode an share masa wuri. Ki zuba kamar cikin hannu uku a tukunya, ruwa ya sha kansa, ya tafasa rabin awa har ruwan ya koma kamar shayi mai kauri. Ki matsa rabin lemun tsami a ciki. Tsamin yana ɗan cin fuskar ɓawon ne don launi ya sami wurin kamawa. Amma kada ki cika hannu, gama tsami in ya yi yawa cinye ɓawon ya ke yi. Ke 'yar makaranta, gwada ki gani: jefa guntun ɓawo cikin ruwan lemun tsami zalla, za ki ga yana tsattsafo da 'yan kumfa. Abin da ke cikin alli shi ke cikin ɓawon ƙwai, shi ne tsamin ke narkarwa. Ɓawon da ba kome cikinsa taso kan ruwa ya ke yi, don haka sai ki nutsa shi ya sha ruwan rinin ya cika, ki danne da ludayi. Albasa ta kan ba da launi daga na zuma har zuwa ja mai duhu kamar goro, gwargwadon daɗewarsa a ciki.

Gangamau, wanda 'yan yanzu ke kira kurkur, shi ke ba da rawaya, cokali biyu cikin ruwa kofi biyu. Karan dafi ja. Shunin wanki shuɗi, amma shi ban da ƙwan da za a ci, na fankon ɓawo ne kaɗai. Zoɓo kuwa mayaudari ne. Za ki ga ruwa ja jawur ki ce yau na sami jan ƙwai, in kin tsamo sai ki ga toka-toka mai duhu, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi. Ba maita ba ce. Launin zoɓo ja ne muddin yana cikin tsami, da ya gamu da abin da ke kashe tsami sai ya juya. Jefa 'yar kanwa cikin kofin zoɓo ki ga yadda zai rikiɗe a gabanki. Ni dai ina son launin, ya kan yi kama da hadarin farkon damina.

Ga wata dabara wadda ita na fi so duk cikin aikin nan. Ki tsinko ɗan reshen ganyen zogale, ko ganyen bedi guda, watau dogon yaro, wanda ke sabon toho daidai wannan lokaci. Ki jiƙa shi ki manna a jikin ƙwan ya kwanta lif. Ki yanko tsohuwar safa mai shara-shara, ko guntun gidan sauron da ya yage, ki naɗe ƙwan tam, ki ɗaure da zare ta baya. Sai cikin ruwan albasa. In kin kwance kin ɗaga ganyen, ga hotonsa nan fari a kan ja, ko wane ɗan ganye da siffarsa, sai ka ce mai zane ya kwana a kansa. Ran da na fara nuna wa yaran gidanmu, ƙaramarsu ƙin yarda ta yi, ta ce lalle da dare na tashi na zana.

Mai son zane da hannunta kuma ta kunna guntun kyandir, ta riƙa tsoma tsinken ashana cikin narkakken tana ɗigawa a jikin ɓawon. Inda kyandir ya hau, rini ba ya kamawa. Ba sai kin aro zanen kowa ba. Ga dagi, ga zanen bakin ƙwarya, ga na hular maigida, ga furannin da masu ƙunshi ke yi wa amare. Sai dai wannan a ruwan rini mai sanyi a ke sa shi ya kwana, gama mai zafi narkar da kyandir ɗin zai yi, wahalarki ta tashi a banza. Da safe ki kanga shi kusa da garwashi kaɗan, ki goge da tsumma. Ko wane iri ki ka yi, in ya bushe ki ɗiga man gyaɗa a yatsa ki murza masa, sai ya ɗau ƙyalli. Aikin wuta da kyandir na uwa ne ko babbar ya. Ƙanana su tsinko ganye, su riƙe zare.

In dafaffen ƙwai ki ka rina don ci, ran idin da safe za ki yi shi, a cinye kafin rana ta take. Zafin Afrilu a Katsina ya kan kai awo 40, dafaffen ƙwai ba ya jimre masa. Turawan da ke ajiye nasu kwana da kwanaki, ƙasarsu da sauran sanyi a lokacin.

Yanzu sai kaza da 'ya'yanta. Abin manni ƙaro ne, irin wanda almajirai ke sawa a tawada. Ki jiƙa 'yan ƙwayoyi cikin ruwa kaɗan su kwana, da safe ya zama danƙo. In babu, ki dama ɗan kunun sitaci ko na fulawa mai kauri. Gwangwanin kifi shi ya fi dacewa da sheƙa don faɗinsa, na madara ma ya yi. Ki cire murfin ɗungum, ki bi bakin da dutse ko gindin cokali ki danne kaifin sarai, ki shafa da yatsanki ki tabbata kafin ki miƙa wa yaro. Ki shafe bayansa da ƙaro ki naɗa masa ƙyallen atamfa, ki lanƙwasa bakin ƙyallen ciki. Ki warware zaren tsohon buhu ko ki sami busasshiyar ciyawa ki shimfiɗa. In kina son mariƙi, tsagin kaba guda ya isa.

Auduga kuma, ko ta tsohon matashi ko ragowar ta kaɗi. Ɗanyar auduga ba ta shan ruwa da daɗi, sai an wanke ta da sabulu. Amma ki ɗauraye ta sosai kafin ki tsoma a ruwan gangamau, domin gangamau in ya ji sabulu ko kanwa ja ya ke komawa, ki tashi da 'yan tsaki masu kama da an yi musu ƙunshi. Ki matse, ki shanya a inuwa, gama rana tana kashe launinsa, in ta bushe ki yayyage ta da yatsa ta yi laushi. Ki mulmula biyu, ɗaya kamar ƙwallon aduwa, shi ne jiki, ɗaya kamar magarya, shi ne kai, ki haɗa su da ɗigon ƙaro. Ido kanumfari biyu, ki soka su ta ƙafar. Baki kuwa tsinin ɓawon gyaɗa, ko 'yar jar takardar alewa a ninke. Ki zaunar da shi cikin rabin ɓawo, sai ka ce yanzu ya ƙyanƙyashe yana kallon duniya. Don kada ɓawon ya mirgina, ki manna gindinsa cikin murfin kwalba. Uwar kuma cikakken ƙwai ne a kwance, kai na farar auduga a wajen tsinin, zanko na jan ƙyalle, wutsiya gashin kaza na gaske guda uku, a wanke da sabulu a soka cikin babbar hudar nan da ki ka yi ta baya. Kin ga hudar ma ta ɓoyu.

Fankon ashana na auta ne. Ki lulluɓe shi da ƙyalle, ki sa ɗan tsako ƙarami cikin aljihun, in an tura ya leƙo, in an ja ya ɓuya. Yaro ɗan shekara uku zai wuni yana turawa yana dariya. Amma mai rarrafe a nisanta shi da murfin kwalba da kanumfari, kin san kome baki ya ke kaiwa.

Saura guda, wanda ba ya son kome sai ruwa. Ran Lahadin dabino, watau saura kwana bakwai, ki huda gindin rabin ɓawo da allura, ki cika shi da ƙasa mai taki, ki barbaɗa gero kamar ƙwaya ashirin, ki rufe da 'yar ƙasa. Ko wace yarinya da nata, ta zana masa ido da baki da gawayi ko biro. Ruwa cokali ɗaya safe da yamma, a ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta duka, nesa da kaji. Kwana uku ko huɗu za ki ga ya tsaga ƙasa. Ran idi ya kai tsawon yatsa, kore shar, ya zama gashin kan mutumin. A watan da duk garin ya yi fari fat da ƙura, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri ba ciyawa ko ɗaya, wannan ɗan kore a bakin taga ba ƙaramin abu ba ne. Mu a wurinmu yana da ma'anar sabon rai. A wurin ɗiyar manomi kuma gwajin iri ne: in ƙwaya ashirin ta shuka biyar su ka fito, sai ta gaya wa babanta ya sake dubawa kafin ruwa ya sauka.

Ku 'yan makaranta, na san waɗansunku za su taɓe baki su ce wannan aikin 'yan firamare ne, su ga waya a hannu. Ku sani, a 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sa'ad da aka fara buɗe wa 'yan mata makaranta a Katsina da Kano, ɗinki da aikin hannu suna cikin abin da aka fara koya musu tare da karatu. Kakanninku kuma da karan dawa da tsumma su ka yi 'yar tsana, 'yan'uwansu maza su ka yi motar langalanga da fitilar gwangwani ta tashe. Ba wanda ya saya musu. Yarinyar da ta iya riƙe fankon ƙwai ta zana masa dagi bai fashe ba, hannunta ya nuna, gobe ko allurar asibiti aka ba ta ko keken ɗinki ba za ta yi rawa ba.

In an gama, ina za a kai su? A unguwarmu, tun da na zo, kwano ke yawo. Ran Layya nama ya kan shigo mana daga gida huɗu, ran ƙaramar Salla tuwo da miyar taushe. Ran Ista kuma mu ke fitarwa. Kazar ma wurin mahauci Musulmi mu ke kai ta ya yanka, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Shekarun da ya faɗo cikin azumi, ba mu ɗora tukunyar maƙwabta ba sai bayan la'asar, don ta isa da zafinta daidai shan ruwa. Ba wanda ya rubuta mana wannan doka, haka mu ka tarar. Amma ina lura, yanzu kwanon ya fara gajiya. Sababbin unguwanni kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, yara su tashi ba su san sunan yaran gidan da ke jikin nasu ba. Shinkafa ta manya ce, a ci a wanke kwano a maido da tukwici, shi ke nan. Gwangwanin nan kuwa na yara ne. In ɗiyarki ta ɗauki kwanon shinkafa a ka, ta riƙe nata aikin a hannu ta miƙa wa tsararta, sai an tambaye ta yadda aka yi ganye ya hau ƙwai. Kafin ki ankara yaran gida biyu sun baje a zaurenki suna rigima kan ɓawon albasa.

Sai dai a yi da hankali. Abin da za a kai gidan Musulmi kada a zana masa gicciye, wannan na ɗakinki ne. Akwai kuma gidajen da ba su son siffar abu mai rai, ko ta wasa ce. Kin fi ni sanin maƙwabtanki. Irin wannan gida sai a kai musu mai hoton ganyen zogale, ko geron da ya tsiro cikin ɓawon da ba a yi wa fuska ba. Ke kuma da aka kawo wa, in kin ga bai kwanta miki ba, ki karɓa da fara'a ki sa wa yarinyar albarka, ki ba ta tukwicinta. Kwana bakwai ta yi tana ba shi ruwa.

Bayan biki, ɓawon da ya fashe a daka shi lukui a zuba wa kaji cikin dusa, yana ƙara wa ƙwansu ƙwari, amma ban da wanda ya sha shuni ko kyandir. Gwangwanin a cire ciyawar a ajiye, ya yi wurin zuba allura da maɓalli, ko kuɗin barka da Salla. In damina ta sauka kuma zabi su ka fara saka, ki tuna ki huda kamar guda shida ki busar ki ɓoye cikin auduga. Ɓawonsu ya fi na kaza tauri nesa, sai kin sa ƙusa maimakon allura, amma ya kan shekara bai yi kome ba, ga shi da 'yan ɗige-ɗigensa tun daga cikin uwar.